A Nemi Rahoton Kuɗin Ƙungiya Kafin A Miƙa Mata Gudummawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda mutanen kirki ke miƙa dukiyarsu ga ƙananan ƙungiyoyin agaji bisa ga hoto da bidiyo kawai, alhali da yawa daga cikin ƙungiyoyin nan doka ta wajabta musu bayyana lissafin kuɗinsu duk shekara, kuma lissafin yana nan a buɗe ga duk wanda ya ga damar karantawa. Na shafe shekaru ina aikin akanta, na kuma taɓa riƙe muƙamin ma'aji a wata ƙaramar ƙungiya da ke koyar da manya karatu da rubutu, aikin da ban taɓa karɓar ko sisi a kansa ba. Saboda haka na san halin mai bayarwa, na kuma san halin wanda aka ɗora wa amanar riƙe abin da aka bayar.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani saƙo da ƙanwata ta turo mini kwanakin baya. Bidiyo ne na wata ƙungiya da ke cewa tana da rajista a Amurka, tana kuma haƙa rijiyoyi a ƙauyukan da ke fama da ƙarancin ruwa. An nuna yara suna tsalle a gaban famfo, ruwa na feshi, wata dattijuwa na share hawaye, sannan aka rubuta adadin rijiyoyin da aka ce an haƙa da lambar asusun da za a tura taimako. A ƙarƙashin bidiyon ƙanwata ta rubuta: "Yaya, don Allah ka duba mini mutanen nan kafin in tura musu, zuciyata ta karye." Na yaba mata da wannan tambaya, domin yawancinmu idan zuciya ta karye ba ma tsayawa tambaya. Na ce ta ba ni dare ɗaya.

Kafin in faɗi abin da na gani, ya kamata in bayyana wa masu karatu irin takardar da nake nufi. A Amurka, ƙungiyar da aka yafe wa haraji saboda aikin jinƙai dole ne ta riƙa aika wa hukumar harajin ƙasar, IRS, da wani fom da ake kira 990 a kowace shekara, kuma doka ta ce ta nuna wa duk wanda ya nema kwafin shekaru uku na baya-bayan nan. Ba ma sai an je wurin ƙungiyar ba, domin hukumar da kanta tana da shafin bincike a intanet, haka kuma kafar binciken ƙwaƙwaf ta ProPublica da cibiyar Candid suna tara waɗannan fom-fom ɗin, ana iya buɗe su kyauta. Sai dai fom ɗin hawa-hawa ne, kuma rashin sanin wannan yana sa a zalunci ƙananan ƙungiyoyi. Wadda kuɗin shigarta a shekara bai saba wuce dala 50,000 ba, abin da ake nema daga gare ta ɗan gajeren bayani ne mai suna 990-N, wanda bai ƙunshi komai ba face suna, adireshi, lambar haraji, sunan babban jami'i da tabbacin cewa kuɗin nata bai haura wannan iyaka ba. Wadda kuɗin shigarta bai kai dala 200,000 ba, kadarorinta kuma ba su kai dala 500,000 ba, tana iya cike 990-EZ mai shafi huɗu. Daga nan zuwa sama ne ake cike cikakken fom mai shafi 12 tare da ƙarin takardun da ke biye da shi. Wuraren ibada kuwa, kamar coci-coci da masallatai, ba a tilasta musu cike fom ɗin ba sam. Don haka idan mutum ya nemi lissafin wata 'yar ƙaramar ƙungiya bai sami alƙaluma ba, ba lalle ne ɓoyewa ta yi ba; yana iya yiwuwa ƙanƙantarta ce ta sa ba a nema ba.

Amma akwai rashin da ba shi da uzuri. Ƙungiyar da ta yi shekaru uku a jere ba ta aika da komai ba, yafewar harajinta tana faɗuwa da kanta ba tare da an kai ta kotu ba, kuma sunanta yana shiga jerin waɗanda aka soke, jerin da kowa ke iya dubawa. A shekarar 2011, lokacin da aka fara aiwatar da wannan doka, ƙungiyoyi kimanin 275,000 ne suka rasa matsayinsu a tashi ɗaya. A Ingila da Wales tsarin ya ɗan bambanta amma manufar ɗaya ce: hukumar kula da ƙungiyoyin agaji tana riƙe da rajista a buɗe, ƙungiyar da kuɗin shigarta ya haura fam 25,000 tana aika mata da lissafinta da rahoton amintattunta, wato mutanen da aka damƙa wa kula da ita, cikin wata 10 bayan ƙarewar shekarar kuɗinta, kuma idan ta makara, rajistar tana nuna wa duniya cewa ta makara. Ƙasashe sun bambanta wajen yawan abin da suke buɗewa, wasu sunan ƙungiya da matsayin rajistarta kawai ake gani, amma a ko'ina mai bayarwa yana da ikon ya ce a nuna masa rahoton bara kafin ya bayar.

Abu na farko da nake yi ba lissafi ba ne, tantance suna ne. Nakan ɗauki lambar rajistar da ƙungiyar ta rubuta a tallarta in nema da ita, ba da suna ba, saboda 'yan damfara sun ƙware wajen zaɓen sunan da ya yi kama da na wata sananniyar ƙungiya, su sauya kalma ɗaya. Daga nan sai in duba ko sunan da ke kan asusun bankin da aka bayar shi ne sunan da ke kan rajista. Idan ƙungiya ta ce tana da rajista amma kuɗin yana shiga asusun wani mutum da sunansa na yanka, to duk wani rahoto da ta aika wa hukuma bai shafi kuɗinka ba, domin kuɗin bai taɓa shiga littafinta ba balle a lissafa shi. A nan nakan tsaya, ba na wucewa gaba.

Ƙungiyar da ƙanwata ta turo ta tsallake wannan mataki. Lambar gaskiya ce, sunan asusun ya dace, ta kuma cike 990-EZ na shekaru uku a jere. Na buga su a takarda na jera su a kan tebur, domin rahoton shekara ɗaya ba ya faɗa wa mutum komai, kamar yadda ba a gane tafiyar mutum da taku ɗaya. Na ɗauki fensir na rubuta a gefe: abin da ya shigo, abin da aka kashe, abin da ya rage. Na tabbatar da cewa abin da aka ce ya rage a ƙarshen shekara ta farko shi ne aka buɗe ta biyu da shi, domin a wannan gaɓar ce lissafin da aka ƙaga yakan tona kansa. Duk wannan ya tafi daidai. Sai na koma ga bidiyon na rubuta adadin rijiyoyin da aka ce an haƙa a cikin waɗannan shekaru, na raba dukkan kuɗin da ƙungiyar ta ce ta kashe da wannan adadi. Abin da ya fito a kan kowace rijiya bai kai kuɗin da zai kai motar haƙa wurin ta dawo ba, balle bututu da famfo da siminti da ladan ma'aikata. A sashen da fom ɗin ke neman ƙungiya ta bayyana ayyukan da ta yi da bakinta kuwa, layi biyu ne kacal, babu adadi, babu sunan gari.

Wannan shi ne abin da nake so masu karatu su riƙe fiye da komai a wasiƙar nan. Rahoton kuɗi shaidar ƙungiya ce a kan kanta, wadda jami'inta ya sa wa hannu bisa sharaɗin cewa ƙarya a ciki laifi ne a gaban doka, ita kuwa talla babu wanda ya rantse a kanta. Amfanin rahoton shi ne a ɗora shi a kan tallar a ga ko sun hau juna. Wadda ta ce tana ciyar da marayu dubu kullum amma kuɗin da ta kashe a shekara bai isa ciyar da hamsin ba, akwai tambaya. Wadda ta ce tana da asibiti amma lissafinta babu albashi, babu haya, babu gini, babu kuɗin magani, akwai tambaya. Na ce tambaya, ban ce hukunci ba, domin yana yiwuwa wata babbar ƙungiya ce ke biyan kuɗin aikin kai tsaye, ita kuwa ƙaramar sa ido kawai take yi. Amma idan haka ne, ya kamata ta faɗa, bai kamata ta bar mai bayarwa yana zaton kuɗinsa ne ya yi aikin ba.

Bayan alƙaluma sai mutane, kuma a ganina nan ne ƙananan ƙungiyoyi suka fi samun rauni. Fom ɗin yana lissafa sunayen shugabanni da amintattu, da sa'o'in da kowannensu ke yi wa ƙungiyar aiki a mako, da abin da aka biya shi. Cikakken fom ɗin ma yana tambaya ƙarara: mutum nawa ne ke da ƙuri'a a kwamitin da ke jagorantar ƙungiyar, nawa ne daga cikinsu ba su da wata riba a ƙungiyar, ko akwai dangantakar jini ko ta kasuwanci a tsakaninsu, ko ana rubuta abin da aka yanke a taro, ko akwai rubutacciyar ƙa'ida a kan abin da za a yi idan bukatar jami'i ta ci karo da ta ƙungiya, har ma ko an gano wata babbar karkatar da dukiya a cikin shekarar. Akwai kuma takarda ta musamman da ke biye, mai alamar L, inda ake bayyana rance ko ciniki tsakanin ƙungiya da mutanen cikinta. Ba laifi ba ne miji da mata su kafa ƙungiya, ayyukan alheri da yawa daga cikin gida suka faro. Abin da nake dubawa shi ne ko akwai wani a kwamitin da zai iya ce wa shugaba a'a ba tare da ya ji tsoron ɓacin zumunci ba. Idan amintattu uku ne, uba da ɗa da suruki, ofishin da ake biyan haya gidan uban ne, kwangilar sayo kaya kuma kamfanin ɗan aka ba, to ko da kowannensu mai tsoron Allah ne, babu idon da ke kallon wani, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Albashin shugaba ma ba abin kunya ba ne, mai aiki ya cancanci ladansa. Abin lura shi ne girman albashin idan aka gwada shi da girman ƙungiyar: idan rabin abin da ya shigo yana tafiya aljihun mutum ɗaya shekara bayan shekara, to aikin agajin ya zama rufin asirin wannan mutumin ne kawai.

Yanzu zan zo ga ma'aunin da mutane suka fi sani, wanda kuma ya fi kowanne ɓatar da su. Cikakken fom ɗin yana raba kuɗin da aka kashe gida uku: na ainihin aiki, na gudanarwa, da na neman gudummawa. Saboda sauƙinsa, sai jama'a suka ɗauka cewa ƙungiyar kirki ita ce wadda kuɗin gudanarwarta ya fi ƙanƙanta, har wasu ƙungiyoyi ke alfahari da cewa ɗari bisa ɗari na abin da ka bayar zai isa ga mabukata. Ni idan na ji wannan magana hankalina ba ya kwanciya, domin na san wani ne ke biyan kuɗin banki, wani ne ke zuba wa mota mai, wani ne ke rubuta littafin kuɗi. Ko dai akwai wani mai hali da ya ɗauke nauyin, wanda ya kamata a ambata, ko kuma an cusa waɗannan kuɗaɗen a ƙarƙashin wani suna.

Na ga cutarwar wannan ma'auni da idona. A ƙungiyarmu, wata shekara wanda ya taya mu cike takardu ya zuba alawus ɗin malaman da ke koyarwa a gidan gudanarwa, saboda a tunaninsa duk abin da ya shafi biyan ma'aikata gudanarwa ne, alhali koyarwar ita ce ainihin aikin da aka kafa mu dominsa. Sai takardar ta nuna kamar mun cinye mafi yawan kuɗin a ofis, mu da ofishinmu bai wuce kabad ɗaya da ke cikin ajin da muke aro ba. Wani bawan Allah da ya saba taimaka mana duk shekara ya gani, bai tambaye mu ba, ya janye hannunsa. Sai bayan watanni muka san dalili, lokacin kuwa mun riga mun rufe ajin dare na mata, wanda ɗalibansa suka fara haɗa baƙi har wasu suna iya karanta takardar maganin 'ya'yansu. Har yau idan na tuna ranar da malamar ajin ta tattara allunan ta miƙo mini makulli, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Kiran waya guda ɗaya da ya isa ya hana wannan.

Ba ni kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. A shekarar 2013 shugabannin manyan cibiyoyi uku da ke auna ƙungiyoyin agaji a Amurka, cikinsu har da GuideStar da Charity Navigator, sun rubuta wa masu bayarwa buɗaɗɗiyar wasiƙa suna cewa kada a auna ƙungiya da kason kuɗin gudanarwa shi kaɗai, domin ƙungiyar da aka hana ta ɗaukar akanta, horar da ma'aikata ko bin diddigin aikinta, an karya ta ne da sunan tsimi. Ta ɗaya gefen kuma, wannan kason shi ne ya fi sauƙin yi wa kwalliya. A watan Mayun 2015 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka tare da dukkan jihohi 50 suka kai ƙarar wasu ƙungiyoyi huɗu da ke karɓar kuɗi da sunan masu cutar kansa, cikinsu har da Cancer Fund of America, bisa zargin sun karɓi fiye da dala miliyan 187 daga jama'a tsakanin 2008 da 2012, kamfanonin da aka ɗauka haya domin roƙon kuɗin suna kwashe kashi 85 cikin ɗari ko fiye a lokuta da dama, shugabannin kuma sun cika wuraren da 'yan uwa da abokai. Yadda takardunsu suka fito tsaf kuwa shi ne sun rubuta kayan kyauta na fiye da dala miliyan 223 a matsayin abin da suka karɓa suka kuma rabar, kayan da aka zuzuta darajarsu, sai ƙungiyoyin suka bayyana manya kuma masu tsimi. Tun daga lokacin, duk sa'ad da na ga kyautar kaya ta rinjayi tsabar kuɗi a wani rahoto, nakan ware ta gefe in sake lissafin da tsabar kuɗin kaɗai, in ga abin da ya isa ga mabukata daga ciki.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da na fi amincewa da shi, wanda ko mutum bai taɓa shiga ajin akanta ba zai iya yi. A ɗauki kuɗin da ƙungiya ta kashe a shekara a raba 12, a sami abin da take ci a wata. Sannan a dubi tsabar kuɗin da ke hannunta a ƙarshen shekara, a cire bashin da ake binta, a ga wata nawa za ta iya rayuwa idan gudummawa ta tsaya. Sai dai a kula, ba duk kuɗin da ke asusu ne nata na kashewa ba; akwai wanda mai bayarwa ya ɗaure da sharaɗi, misali ya ce na gina aji ne, kuma ba halal ba ne a biya albashi da shi. Rahoton kirki yana raba ɗaurarren kuɗi da sakakke. Ƙungiyar da ba ta da ajiyar ko wata guda tana kan siraɗi, ko da shugabanninta mutanen kirki ne. Kids Company, wata sananniyar ƙungiyar kula da yara a Landan, ta rufe a watan Agustan 2015, 'yan kwanaki bayan gwamnati ta ba ta fam miliyan 3, kuma kwamitin majalisar dokoki da ya yi bincike ya yi ta nanata rashin ajiyar da ta daɗe tana fama da shi. A 2021 babbar kotu ta ƙi amincewa da buƙatar a haramta wa amintattunta shugabancin kamfani, wato ba a same su da rashin gaskiya ba, amma yaran da suka dogara da ita sun wayi gari ƙofa a rufe. Idan haka ta faru da babba, ina ga ƙarama wadda mutum ɗaya ne ke ba ta kashi uku cikin huɗu na kuɗinta? A Amurka ba a bayyana sunayen masu bayarwa a kwafin da jama'a ke gani, amma ana ganin ko kuɗin daga tallafin gwamnati yake, ko daga gudummawar jama'a, ko daga wani aiki da ƙungiyar ke yi ana biyanta, kuma hawa da saukar da ba a saba gani ba daga shekara zuwa shekara yakan nuna an dogara da hannu ɗaya. Akasin haka ma abin tambaya ne: wadda ta tara abin da zai riƙe ta shekara biyar tana kuma kukan gaggawa, sai ta faɗi abin da take tarawa dominsa.

Tsakani da Allah, dole in faɗi iyakar wannan takarda. Ƙungiya ce ke cike ta da hannunta, hukuma kuma ba ta bin kowane layi tana tabbatarwa. Karɓar fom ba shaidar wankewa ba ce. Binciken odita mai zaman kansa, wanda zai nemi rasit ya kwatanta da bayanan banki ya rubuta ra'ayinsa, wani abu ne daban, yana da tsada, kuma ƙananan ƙungiyoyi da yawa doka ba ta ɗora musu shi ba, don haka rashinsa ba aibi ba ne a kansu. Takardar tana kuma zuwa a makare: ƙungiyar Amurka da shekararta ta ƙare a Disamba tana da har 15 ga Mayu, tana kuma iya neman ƙarin wata shida, saboda haka abin da kake karantawa yau labarin bara ne ko bara waccan. Mafi girma duka, lissafi ba ya faɗa maka ko rijiyar tana ba da ruwa bayan shekara biyu, ko ɗalibin ya iya karatu. Abin da yake nunawa shi ne ko mutanen nan sun ɗauki amana da muhimmanci har suna rubuta ta daidai kuma a kan lokaci, kuma a shekarun da na yi ina wannan aiki, ban cika ganin wanda ya yi sakaci da littafin kuɗi ya kuma tsare aikin fili ba.

Shi ya sa matakin ƙarshe tambaya ce. Washegari na ce wa ƙanwata ta rubuta wa ƙungiyar cikin ladabi, ta ce ta karanta rahotanninsu na shekaru uku, ta ga adadin rijiyoyin bai dace da kuɗin da aka kashe ba, ko akwai abokin haɗin gwiwa da ke biyan sauran, kuma ko za su iya ba ta sunayen garuruwa biyar da aka yi aikin. Na gaya mata cewa yadda za su amsa zai fi amsar kanta bayani. Mai gaskiya yakan ji daɗi idan ya ga wani ya damu har ya karanta takardunsa, na sani domin na taɓa zama a wannan kujera, kuma da a ce wancan bawan Allah ya tambaye mu, da hannu bibbiyu za mu karɓe shi. Amsar da ta samu kuwa wani sabon bidiyo ne, da tunatarwa cewa lokaci na ƙurewa, da 'yar gajeriyar magana cewa mai niyyar alheri ba ya yawan tambaya. Ta sake rubutawa, shiru. Ban ce mata ɓarayi ne ba, domin ba ni da hujjar faɗin haka, kuma ba zan shafa wa kowa kashin kaji a kan zato ba. Na ce mata dai ba su ba ta dalilin amincewa da su ba. Ta nemo wata ƙungiyar da ta fi wannan ƙanƙanta, wadda ma'ajinta ya turo mata lissafin shafi biyu da bayanin banki a cikin kwana uku, har ya nuna mata da kansa wata rijiya da suka haƙa ba ta ba da ruwa ba da abin da suka yi asara a kanta. Ita ce ƙanwata ta ba wa gudummawar.

Ina da roƙo ga shugabannin ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda na san yawancinsu da guminsu da aljihunsu suke aiki: ko doka ba ta nema ba, ku rubuta shafi ɗaya duk shekara, abin da ya shigo, daga ina, abin da aka kashe, a kan me, abin da ya rage, da sunayen waɗanda ke sa hannu a asusu, ku sa mutum biyu da ba 'yan gida ɗaya ba su duba su sa hannu, ku kuma manna shi inda kowa zai gani. Idan an yi kuskure a rahoton da ya wuce, ku gyara ku faɗi cewa kun gyara.

Gare ka kuma, Malam Edita, roƙona shi ne duk lokacin da wakilanka za su kawo labarin wata ƙungiya da ke neman taimakon jama'a, su nemi lambar rajistarta da rahoton kuɗinta na baya-bayan nan, su tabbatar da cewa asusun da za a buga da sunan ƙungiyar yake, su kuma gaya wa masu karatu a cikin labarin ko an ba su waɗannan takardu ko an hana su. Mutane da yawa suna bayarwa ne saboda sun ga abin a shafinka, sunan jaridarka suka amince da shi kafin na ƙungiyar. Idan kuma za ka ware wani ɗan gurbi da za a riƙa ɗauko rahoto guda ana bin sa layi-layi da Hausa, an rufe sunan ƙungiyar, domin masu karatu su koyi inda ake dubawa, a shirye nake in taimaka da abin da na sani.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani tsohon ma'ajin ƙungiya